Ko ka sani? Jan ƙwaron dabino a mota yake tafiya

Ko ka san akwai ƙwaron da tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, amma yana kayar da dabinon da ya shekara 15 a tsaye, mai garka bai ga alamar komai ba sai ana gab da faɗuwa? Masana suna kiransa Rhynchophorus ferrugineus. Ja ne mai launin tsatsa, da ɗige-ɗigen baƙi a ƙeya da dogon baki lanƙwasasshe, kuma ɗan uwa ne ga ƙaramin ƙwaron nan da ke huda dawa da masara a rumbu. Asalinsa kudanci da kudu maso gabashin Asiya, inda ya daɗe yana ɓarnar kwakwa, har da irin giginyar can. Abin da ya sa ya kamata mutanen Tanut da Belbeji na Damargu su san shi shi ne sha'awar dasa dabino tana ƙaruwa duk inda aka samu rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana, kuma mai shirin dasawa yakan kashe tunaninsa kan ruwa, da awaki, da iskar hunturu. Duka ukun suna da magani a cikin garka. Tambayar da ta fi su nauyi ita ce daga ina ɗan dabinon ya fito, wa ya ɗauko shi, me ke cikinsa.

Sai an san yadda dabino yake kafin a gane dalilin. Gawo ko bagaruwa, in ka sare reshe wani ya fito, domin idanun tsiro suna ko'ina a jikinsu. Dabino kuwa zuciya ɗaya gare shi, tana can ƙoli a tsakiyar ganye, daga nan kowane sabon reshe yake fitowa, in ta mutu shi ke nan. Gangar jikinsa ma ba katako ba ce, zaruruwa ne masu danshi da zaƙi a cushe. Macen ƙwaron tana neman rauni, ko inda aka datse ɗanyen reshe ko inda aka ɓamɓare ɗan gindi, ta huda da bakinta ta saka ƙwai, kuma a rayuwarta takan saka 200 zuwa 300. Cikin kwana 2 zuwa 5 su ƙyanƙyashe. Tsutsar fara ce mai kauri, ba ta da ƙafa, tana kai santimita 5, kuma ita ce mai ɓarnar. Wata 1 zuwa 3 tana cin ciki tana haƙa ramuka, sannan ta naɗe kanta da zaren dabinon, ta fito ƙwaro. Muddin da sauran abinci, ƴaƴa da jikoki ba sa barin wannan itacen, a ciki suke haihuwa, ganye kuma yana nan kore shar a sama. Wanda ya iya dubawa zai ga wani ruwa mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, yana tsatsowa daga gindi da warin tsami, ko taunannen zare a ƙasa, in ya kara kunne da dare ma yakan ji ƙarar tauna. Ƙwaron ya fi son dabino matashi, wanda bai kai shekara 20 ba, wato daidai irin wanda sabuwar garka take da shi.

Hujja mafi ƙarfi cewa cikin dashe ƙwaron yake tafiya ta fito daga inda ba a zata ba, wato lambunan Turai. Tun ƙarni na 19 Turawa suke da marmarin ganin itacen ƙasashen zafi a ƙofar gida. A 1849 Robert Fortune ya aika Ingila da wani dangin dabino daga Sin mai ganye kamar na goruba, wanda yau yake ɗauke da sunansa, Trachycarpus fortunei, yana kuma jure sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri. Masu lambu suka ƙware wajen kare itacensu daga ƙanƙara, suna naɗe ganga da tsumma da ciyawa, suna rufe ƙoli kada ruwan sanyi ya kwanta a zuciya, wasu har da wayar lantarki mai ɗumi. Sun yi nasara har ta yi yawa, domin a kudancin Suwizalan itacen ya tsere daga lambu ya shiga daji, hukuma ta hana sayar da shi daga watan Satumba na 2024. Sanyin da suka shekara fiye da 100 suna tsoro bai gagare su ba. Abin da ya gagare su ya zo ne lokacin da masu gina otal da unguwannin bakin teku suka ƙi jiran ƙaramin itace ya girma, suka riƙa sayo manyan dabinai daga Masar ana jibgewa a jirgin ruwa. A tsakiyar shekarun 1990 aka ga ƙwaron a gaɓar Giranada ta Sipaniya, a 2004 a Italiya, a 2006 a Faransa. Tarayyar Turai ta kafa dokar gaggawa a 2007, amma an riga an makara, dubban itatuwa suka bi zarto. Ko Ingila ta gan shi a 2016, a cikin itacen da aka kawo daga Italiya. Babu ɗaya daga cikin tekunan da ke tsakanin ƙasashen nan da ƙwaron ya haye da fiffike.

Haka labarin yake a ƙasashen dabino na gaske. An gan shi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1985, a Saudiyya a 1987, a Masar a 1992 ta hanyar ƴaƴan gindi da aka shigo da su, sannan Maroko a 2008, Libiya a 2009, Tunisiya a 2011, sai Tijikja ta Muritaniya a ƙarshen 2015. Ƙwaron yana tashi, amma yawancinsu ba sa nisa daga inda suka fito, kuma Sahara ta fi ƙarfin kowane fiffike. Da ɗan gari akan ci gari. To ka dubi inda Damargu take. Tanut tana kan titin da ya haɗa Damagaram da Agadas, daga can kuma hanya ta rabu, ɗaya Dirku da Libiya, ɗaya Arlit da Aljeriya. Ƙarni bayan ƙarni ayarin Abzinawa suna saukowa da gishiri da dabinon Bilma da Fashi su koma da geron Damargu, ba a taɓa jin sun kawo annoba ba, domin ƙwaron ba ya zama cikin ƴaƴan da ake ci. Babbar mota kuwa tana iya kawo ɗanyen dashe da rai. Ɗan gindi mai nauyin kilo 10 ko 20, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu a ƙarƙashin kaya, yana isowa cikin kwanaki, in da ƙwai ko tsutsa a ciki su ma su iso lafiya lau. Wanda ya ɗauko shi ba mugu ba ne, sau da yawa ɗan ci-rani ne da ya ga irin dabinon da ya ba shi sha'awa, ya ce bari ya kai gida tsaraba.

Wani zai ce ai hunturun Damargu ba wasa ba ne, darensa yana sa tsoho kwana a bakin wuta, shi zai kashe ƙwaron. Gaskiya ne sanyi yana rage shi. Binciken da aka yi a Sipaniya ya nuna cewa inda matsakaicin zafin shekara bai kai digiri 15 ba, ƙwaron ba ya cika zagaye ɗaya na rayuwa a shekara, inda kuma ya haura 19 yana yin fiye da 2. Matsakaicin Tanut ya wuce 25. Ga shi kuma tsutsa ba a fili take kwana ba, tana tsakiyar ganga inda ruɓewar abin da ta tauna ke ba da ɗumi. Shi kansa dabino sanyin nan ba ya cutar da shi. Girmansa yana tsayawa in zafi ya sauka wajen digiri 7, ya ci gaba in rana ta ɗaga, kuma Bilma, wadda aka taɓa auna sanyi ƙasa da sifiri a cikinta a Janairun 1995, garin dabino ce har gobe. Hunturu a nan abokin mai garka ne, shi ya sa kabeji da salati da dankalin turawa suke yi a noman ranin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa bayan farin 1984, amma ba ya gadin kowa daga wannan ƙwaro.

Hujjar bushewa ta fi wannan ƙarfi, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Babban ƙwaron ba ya jure busasshiyar iska, in ya rasa danshi yana mutuwa cikin ƴan kwanaki, don haka tsallakawa daga garka zuwa wata mai nisa a watan Maris zai yi masa wuya. Wannan alheri ne, domin yana nufin in ma ya shigo ana iya tsare shi wuri ɗaya. Sai dai garka ba daji ba ce. Inda ake malala ruwa har ya kwanta a gindin itace, ciyawa ta rufe, ƴaƴan gindi suka yi cunkus, an yi masa damina ta kansa ko da ruwan sama bai wuce milimita 300 a shekara ba. A Saudiyya an lura gonakin da ake malala wa ruwa sun fi kamuwa a kan waɗanda ake ba ruwa ɗigo-ɗigo. Tijikja kuwa ta fi Tanut bushewa nesa ba kusa ba, bushewar ba ta hana shi zama ba.

Sai maganar da ta fi ci wa manomi rai: in an hana shi kawo iri mai kyau daga waje, da me zai fara? In ya shuka ƙwallo, kusan rabi maza za su fito, ba zai sani ba sai bayan shekaru sun yi fure, matan kuma ba lalle su yi kama da uwarsu ba. Ɗan gindi shi ne ke ba da tabbacin mace da tabbacin iri, ya kuma fi saurin haihuwa. Duk wannan haka yake. Amma suna ba ya bin dabino duk inda ya je. Daglet Nur, wanda ake yabo a kudancin Aljeriya da Tunisiya, an san shi da rashin jure ruwan sama da laima lokacin nuna, alhali a Sahel dabino yakan yi fure da wuri, nunarsa ta zo daidai da faɗuwar damina. Mutum zai iya jefa garkarsa da ta maƙwabta cikin haɗari saboda irin da zai tsage ya yi tsami a watan Yuli. Daga ɓangaren Aljeriya ma akwai wata cutar ta daban, bayud, da ke bin ƴaƴan gindi da ƙasar da ke manne a saiwa, wadda ta kashe miliyoyin dabinai a Maroko. A gefe guda, Nijar ba ta rasa iri ba. Akwai na Ingal da na kwarurrukan Abzin, akwai na Kawar, akwai na kwaruruwan Manga wajen Gudumariya da na kudancin Damagaram, inda dabino ke haihuwa sau 2 a shekara, abin da na arewacin Sahara ba ya yi, kamar yadda ake gani a Dutse ta Jigawa inda cibiyar NIFOR take da reshen binciken dabino. Waɗannan sun saba da damina. Ɗan gindi daga garkar da mutum ya sani, ya ga uwar da idonsa, ya fi wanda ya zo a buhu ba takarda. Wanda kuma ya nace sai irin waje, akwai dashen da ake tsirarwa a ɗakin gwaji daga ƙwayar tsiro, yana zuwa ƙarami a leda, babu gangar da tsutsa za ta ɓuya, kuma ta hannun cibiyar binciken noma ta INRAN da jami'an kare tsirrai ya kamata a nemo shi. Ita ma ƙwallo kada a raina ta, ba ta ɗauke da ƙwaron ko kaɗan, kuma da yawa daga dabinan kudu maso gabashin ƙasar daga ita suka fito, manoma suka zaɓi masu kyau suka riƙe.

Masu cewa in ya zo a fesa magani ba su lissafa kuɗin ba. Feshi a waje ba ya isa tsutsar da ke tsakiyar ganga, sai an huda an ɗura, a maimaita, a kuma kiyaye kada maganin ya shiga ƴaƴan da za a ci. Akwai tarko, bokiti ne mai ramuka da ruwa da ɗan dabino a ciki, da sinadarin da ke kwaikwayon warin da namiji ke fitarwa don tara ƴan uwansa, wanda aka gano a 1993. Yana nuna ko ƙwaron yana nan, yana rage mata, amma shi kaɗai ba ya ƙarar da su, kuma sinadarin sai an sayo daga waje. Tsibiran Kanari sun ga ƙwaron a 2005, ba su ayyana rabuwa da shi ba sai 2016, bayan hana shigo da dabino, da duba itace ɗaya bayan ɗaya, da niƙe duk wanda ya kamu. A Tijikja an fi sauri, domin manoma da hukuma, da taimakon hukumar abinci ta FAO, sun rufe garin ga shiga da fitar dashe, suka sare suka ƙone waɗanda suka kamu tun abin bai bazu ba. Abin da ya rage a hannun mai garka a Gangara ko kwarin Tarka ba ya cin ko dala: ya yi datsar rassa da ɓamɓarar ƴaƴan gindi a tsakiyar hunturu lokacin da ƙwaron ba ya yawo sosai, ya toshe kowane rauni nan take, ya ja ruwa nesa da gindi kaɗan, ya share ciyawa don ido ya kai ga ganga. In ya ga tsatsowa mai warin tsami, malamin gona zai kira a ranar, kuma kada reshe ko guntun ganga ɗaya ya fita daga garkar zuwa kasuwa.