WASAN KATIN LITTAFI MAI TSARKI: YADDA AKE HAƊA ƊAURIN DA ZAI CI GASA

Duk yaron da ya tashi a wannan yanki namu, ko daga Bebeji ya fito, ko Ƙiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, da wuya a ce bai san wasan Whot ba. Katuna 54 ne, a gauraya su, a raba, sauran kuwa a kifa su a tsakiya su zama kasuwa, kowa daga nan yake ja. Abin da rabonka ya ba ka, da shi za ka yi wasa. To, akwai wani irin wasan kati dabam wanda ba haka yake ba. A cikinsa kowane ɗan wasa da ɗaurin katinsa yake zuwa, wanda shi da kansa ya zauna ya zaɓa tun daga gida. Watau rabin gasar ana yinta ne tun ba a zauna a teburi ba.

Irin wannan wasa ya soma ne a Amurka a shekarar 1993, lokacin da wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield ya fito da wasan Magic: The Gathering. Wasan ya karɓu ƙwarai wajen matasa, amma iyaye da yawa a cikin ikkilisiyoyi ba su ji daɗin hotunan matsafa da dodanni da ke jikin katunan ba. A shekarar 1995 sai wani mutum mai suna Rob Anderson da kamfaninsa Cactus Game Design suka fitar da nasu wasan, wanda aka ɗauko mutanensa da labaransa daga Littafi Mai Tsarki. Sunansa Redemption, ma'anarsa Fansa. Daga baya aka yi ta ƙaro sababbin katuna: na Annabawa a 1996, na Mata a 1997, na Mayaƙa a 1999, da sauransu. Wasanni da dama da suka fito tare da shi sun mutu cikin 'yan shekaru kaɗan, shi kuwa ya rayu, har ana shirya masa gasa ta ƙasa baki ɗaya a can Amurka.

Kafin mu shiga maganar haɗa ɗauri, dole a san yadda wasan yake tafiya. Akwai katunan Ɓatattun Rayuka. Duk sa'ad da ka jawo ɗaya daga ɗaurinka, ba a hannu za ka riƙe shi ba, sai ka ajiye shi a fili a gabanka, a wurin da ake kira Ƙasar Bauta, ka ja wani kati a madadinsa. Aikin abokin karawarka shi ne ya aiko Jarumi, kamar Musa ko Debora, ya ceci wannan rai. Kai kuma ka tare shi da Mugu, kamar Fir'auna ko Yezebel. In yayinka ya zo, sai al'amarin ya juya. Wanda ya riga ceton rayuka 5, shi ya ci. Kowane Jarumi da kowane Mugu yana da lamba biyu, ta ƙarfin bugu da ta jimiri, yana kuma da launin rundunarsa. Akwai katunan ƙarin ƙarfi da ake ɗora musu a tsakiyar faɗa, amma sai launin ya zo ɗaya. Ana farawa da kati 8 a hannu, a kowane yayi kuma a ja 3. A ƙasan kati akwai aya da inda za a same ta.

Na san wani dattijon ikkilisiya zai tsaya a nan ya ce, "Malam, yaya za a ba ɗan mai bi katin Fir'auna a ce ya hana ceto?" Tambayar tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Amsar da nake da ita ita ce, a wasan kwaikwayon Kirsimeti ma sai an sami wanda zai fito a Hirudus, ba mu taɓa cewa yaron ya zama mugu ba. Cin wasan kuwa ta hanya ɗaya tak yake zuwa, watau ceto. Wanda ya iya tarewa kaɗai ba zai taɓa ci ba, ko da zai kwana a teburin.

Yanzu ga ainihin maganar. A tsarin da aka daɗe ana bi a gasa, ɗauri ba ya kasa kati 50. Daga 50 zuwa 56, dole a sa Ɓatattun Rayuka 7. Daga 57 zuwa 63 sai su zama 8, haka nan kowane ƙarin kati 7 yana jawo ƙarin rai 1. Sabon shiga, da zarar ya tara katuna, sai ya so ya zuba su duka. Ga Dauda, ga Iliya, ga Esta, ga Bulus, wa zai bari a gida? Sai ka ga ɗaurinsa ya kai 70, yana murna, wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wannan wasa karin maganar ba ta ci ba, lissafi kuma zai nuna mana dalili.

Tun da yake ana musanya Ɓatattun Rayuka da zarar an jawo su, katunan aiki a ɗauri mai 50 guda 43 ne. A ce akwai kati ɗaya da dabararka duka ta dogara a kansa. Bayan kati 8 na farko da ja sau 4, ka ga katuna 20 ke nan. Damar a ce katin nan yana cikinsu ita ce 20 cikin 43, watau kusan kashi 47 cikin 100. In ɗaurin mai 56 ne, katunan aiki 49, damar ta sauko zuwa kashi 41. In mai 70 ne, rayuka 9, katunan aiki 61, damar ba ta wuce kashi 33 ba. Ma'ana, a wasa 3, sau 2 za a yi nisa katin da kake taƙama da shi yana kwance a ƙasan ɗauri. Kowane kati da ka ƙara don kana sonsa, ya shiga tsakaninka da katin da kake bukata. Masu cewa lissafin ajin uku ba shi da amfani a waje, ga shi nan ya biyo su har wurin wasa.

Duk da haka mai kati 56 yana da tasa hujjar. Rayukansa 7 sun ɓuya cikin katuna masu yawa, ba za su fito da sauri ba, abokin karawarsa kuwa ba zai iya ceton abin da bai fito fili ba. Wanda ya dogara ga tsaro da jan lokaci yakan so haka. Wanda yake son kai hari da gaggawa ya tsaya a 50. Abin da ba shi da ma'ana shi ne 57: saboda kati ɗaya ka ƙara wa abokin karawarka rai guda da zai ceta.

Ɗaliban da suka karanta Littafin Mahukunta sura 7 za su tuna Gidiyon. Da mutum 32,000 ya fito yaƙi da Madayanawa, 22,000 suka koma gida, saura 10,000, aka sāke tace su a bakin ruwa har suka zama 300. Ba ina cewa dalilin da ya sa Ubangiji ya rage rundunar shi ne dalilin ɗan wasa ba, don can an yi ne domin kada Isra'ila su yi fariya. Amma aikin mai haɗa ɗauri ya yi kama da wannan: yawancinsa sallamar mutane ne.

Sai maganar launi, wadda a nan ne yawancin ɗauri suke lalacewa. Taura biyu ba ta taunuwa. In ka zaɓi Jarumai daga runduna 4 dabam-dabam, za ka sami kanka riƙe da Jarumi ja, katunan ƙarin ƙarfin da ke hannunka kuwa shuɗi ne da kore, ba wanda zai hau. Ga makami, ga mayaƙi, amma ba su san juna ba. Ka zaɓi launi ɗaya na Jarumai da launi ɗaya na Mugaye. In ya zama dole, biyu, kada a wuce. Jarumi matsakaici wanda katuna 10 suke mara masa baya ya fi shahararren da yake tsaye shi kaɗai. Da wasan ya girma, aka ƙaro katunan da suke taimakon junansu bisa ga dangantaka, misali annabawa da annabawa, ko firistoci da firistoci. Wanda ya san wane ne annabi, wane ne sarkin Yahuza, wane ne na Isra'ila, ya riga ya sha gaban wanda bai sani ba.

Jarumai nawa ya kamata a sa? Nan ma lissafi ne. Cikin katunan aiki 43, in Jarumanka 5 ne kawai, wajen sau 1 cikin 3 za ka buɗe hannunka na farko ba ko ɗaya. In 8 ne, sau 1 cikin 6. In 10 ne, sau 1 cikin 10. Yayin da ya wuce ba ka aika kowa ba, kamar ranar shuka ce da ta wuce ba ka je gona ba. A ganina, mai farawa ya raba katunansa 43 kamar haka: Jarumai 10 da ƙarin ƙarfinsu 10, Mugaye 9 da ƙarin ƙarfinsu 9, sauran 5 kuma manyan katuna. Ba doka ba ce. Gwanaye sukan karkata gefe ɗaya da gangan, sukan kuma rage wasu don su ba da wuri ga katunan da aka ƙaro daga baya, irin su kagara da akwatin alkawari. Amma kada a yi watsi da tsaro gaba ɗaya. Yara ba sa son katunan Mugaye, sai su sa 3 ko 4, sa'an nan su yi mamakin yadda aka kwashe rayukansu 5 cikin 'yan mintuna.

Manyan katunan nan su ne waɗanda ba sa bukatar launi, ana kuma iya sa su ba tare da jiran faɗa ba. Katin Ɗan Allah yana ceton rai kai tsaye. Katin Mala'ikan Ubangiji yana kawar da Mugu. Akwai na shahada, wanda yake kawar da Jarumi. Kowannensu guda ɗaya aka yarda a sa. Gwanintar a nan ita ce haƙuri. Wanda ya saki Mala'ikan Ubangiji a kan ƙaramin Mugu a yayi na biyu, zai neme shi a lokacin da ya rage masa rai ɗaya ya ci wasa, ga kuma wani ƙato ya tare hanya.

Akwai wata doka da na fi so a cikin wasan duka, ita ce kuma sabon shiga ba ya saurin ganewa. A tsakiyar faɗa, wanda ake rinjaya shi ke da izinin sa katin ƙarin ƙarfi. Mai rinjaye sai ya jira. A ce Jaruminka yana da bugu 3 da jimiri 3, ya gamu da Mugu mai 10 da 10. A ido an gama da shi. Amma shi ne zai fara sa kati, in kuwa katin nan mai kawar da Mugu ne ɗungum, faɗa ya ƙare tun ƙaton bai motsa ba. Saboda haka kada ka cika ɗaurinka da masu manyan lambobi kawai. Sukan hana ka damar fara bugu. A 1 Sama'ila sura 17, Saul ya sa wa Dauda kayan yaƙinsa, Dauda ya tuɓe su domin bai saba da su ba, ya tsinci duwatsu 5 a rafi ya nufi Goliyat da majajjawa. Ƙaramin Jarumi da kati ɗaya mai kyau a bayansa, majajjawar ke nan. A tuna kuma, in Jarumi da Mugu suka kashe juna, an ceci ran. In kuwa ba wanda ya iya da wani, ba ceto. Don haka mai tsaro jimiri yake nema, mai kai hari kuwa bugu.

Dole in yi wa iyaye da ɗalibai magana a kan kuɗi. Mu a nan, da an ce karta sai zuciya ta tafi ga caca, ba kuwa a banza ba, don mun ga gidajen da ta rusa. A wannan wasa ba a sa kuɗi a teburi. Haɗarin yana wani wuri ne. Irin waɗannan katuna an saba sayar da su a ƙunshi rufaffe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Wannan cinikin biri a sama ne. Yaro yana neman kati ɗaya da ba a cika samu ba, sai ya yi ta saye, kuɗin sabulu da na littafi su tafi. Haka yake faruwa da katunan Pokémon, waɗanda suka fito a Japan a 1996. Hoton annabi a jikin kati ba ya tsarkake kwaɗayi. Hanyar da ta fi ita ce musaya da abokai a fili, kowa ya san darajar abin da yake bayarwa, babba kuma kada ya cuci ɗan aji ɗaya don bai sani ba.

Ba lalle ne sai an jira katuna daga Amurka ba. Ƙungiyar matasa ko ajin makarantar Lahadi za su iya ƙirƙiro nasu da kwali da almakashi da Littafi Mai Tsarki na Hausa. A yanka katuna daidai wa daida, a rubuta sunan mutum, da lambobinsa biyu, da launinsa, da ayar da ta ba da labarinsa. Gardama za ta tashi a kan ko Samson ya fi Yoshuwa jimiri, gardamar kuwa ba za ta mutu ba sai an buɗe Littafin. A naɗa mutum 2 ko 3 su riƙa amincewa da lambobi, in ba haka ba kowa zai ba gwaninsa 20 da 20.

In ka gama haɗa ɗauri, kada ka kai shi gasa sai ka gwada shi. Ka gauraya, ka ja 8, ka duba ko za ka iya kai hari ka kuma iya tarewa, ka rubuta, ka sāke har sau 10. Sa'an nan ka kara da abokai dabam-dabam. Duk katin da ya zauna a hannunka wasa 3 bai yi aiki ba, ka cire shi, ko da sunan wa yake ɗauke da shi. Ka riƙa canja kati 2 ko 3 a lokaci guda, don ka san wane canji ne ya yi amfani. In katunan na kwali ne, a tabbata bayansu iri ɗaya ne, ba tabo, ba lanƙwasa, gama yara ba sa ɗaukar kwana biyu kafin su gane katin Ɗan Allah ta kusurwarsa da ta yage.