Abin da Kulle Ya Maido Mana

Ranar 16 ga Afrilu 2020 gwamnatin Kano ta rufe gari saboda cutar korona, kwana biyar bayan an samu mutum na farko da ya kamu a jihar. An ce mako guda ne. Kafin a ankara azumi ya kama ranar 24 ga wata, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu. Kantin Kwari, Singa da Sabon Gari duk a garƙame, titi babu A Daidaita Sahu ko ɗaya. Matan gida suka samu abin zolaya: "Maigida, yau kai ma ka ɗanɗana kulle."

Ga ɗan dako, mai shayi da lebura, waɗanda sai sun fita suke ɗora tukunya, kulle yunwa ce tsagwaronta. A makonnin nan kuma aka yi ta kai dattawa makabarta, Allah ya jiƙansu. Daɗin da zan yi bayani na wanda ke da ɗan hatsi a ɗaki ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan, in hira ta yi nisa, sukan rage murya su ce sun ji daɗin zaman, kamar masu amsa laifi. Daɗin bai zo rana ɗaya ba, hawa-hawa ya zo.

Da farko babu komai sai ƙaiƙayin ƙafa. Jikin da ya shekara ashirin yana sammakon kasuwa ba ya karɓar umarnin gwamna. Mutum ya tashi, ya yi wanka, ya sa hula, sannan ya tuna babu inda za shi. Ya leƙa zaure, ya dawo, ya ɗauki waya ya sha jita-jitar WhatsApp har kansa ya yi nauyi. Wanda ya maƙale wa waya a nan ya tsaya har aka buɗe gari. Wanda ya gaji ya ajiye ta, shi ne ya wuce gaba.

Abin da ya fara buɗewa kunne ne. Ƙahon mota, janareton shaguna da kiran kwandasta sun ɗauke, sai ga kukan kurciya a kan darbejiyar ƙofar gida, ga kiran sallah daga masallacin wata unguwa da ba a taɓa jiyowa ba. Mazaunin birni yana wuni yana ture hayaniya daga kunnensa bai sani ba, kuma wannan turewar aiki ce mai cin ƙarfi. Da aikin ya faɗi, gajiyar da mutum ya ɗauka ta tsufa ce sai ta ragu, barci ya yi nauyi, faɗa da yara ya yi sauƙi.

Bayan nan lokaci ya canza ma'auni. Agogo ya rasa aiki, yini ya koma hannun rana da salloli biyar: karatu bayan asuba, ƙailula kafin azahar, shimfiɗa tabarma idan inuwa ta kai bakin rijiya. Da aka sassauta doka aka ba da Litinin da Alhamis don cefane, mutane suka gano wani abin mamaki. Zirga-zirgar da ke cinye mako guda tana shiga cikin 'yan sa'o'i in an rubuta abin da ake bukata. Ashe yawancin fitarmu sabo ne kawai.

Daga nan sai ido ya faɗa kan mutanen gida, kuma a nan ne daɗin ya fi yawa. Magidancin da ya saba tarar da ƙosai da kunun tsamiya a jere lokacin buɗa-baki ya ga inda suke fitowa: surfen wake, wanki, markaɗe, tsayuwa gaban wuta tun la'asar da bakin azumi. Wasu kunya ta sa suka karɓi tsinken zogale ko yankan albasa. Da aka dakatar da tafsiri da jam'in asham a masallatai, maigida ya zama limamin tsakar gida. Nan ya gane haddarsa ta yi tsatsa, 'yarsa 'yar Islamiyya ce ke ɗora shi daga sahun baya. Bayan sallama a yi dariya, gobe ya zauna gabanta ya yi tilawa. Makaranta a rufe take tun watan Maris, don haka dare ya zama na kaka da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Da azumi ya kai goma, yara suka yi tashensu a tsakar gida, iyaye ne 'yan kallo kuma su ne masu ba da sadaka.

Aljihu ma ya huta. Babu anko, babu dina, babu gudunmawar biki uku a mako. An ɗaura aure da mutum kaɗan, an raɗa suna ba taro, kuma auren ya ɗauru, sunan ya raɗu. Zumuncin da a da ake yi a tsaitsaye a gidan biki ya koma doguwar waya da gwaggo a ƙauye, a tambayi lafiyarta a kuma tsaya a ji amsa.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga kulle bai kawo sabon abu ko ɗaya ba. Kurciya, inuwa, 'yar da ta haddace izu biyar, duk suna nan tun da. Gaggawa ce ta rufe su, dokar ta cire mana ita da ƙarfi, ta kuma cire mana kunyar zama, domin ba mai cewa ka yi lalaci tunda kowa a zaune yake.

An yi ƙaramar sallah ranar 24 ga Mayu ba hawa ba algaita, a farkon Yuli aka buɗe gari, hayaniya ta dawo wurinta. Ba mai fatan annoba ta sake zuwa. Amma a gidanmu mun riƙe abu ɗaya: daga magariba zuwa isha'i waya tana ɗaki, tabarma tana tsakar gida, kuma har yau 'yata ce ke gyara mini karatu.