Kafin ka shimfiɗa katako da kafet a ƙaramin jirginka na alminiyam

Bara na sayi ƙaramin jirgin alminiyam na hannu, mai tsawon ƙafa 14, ina fita su da shi a ruwan Ikorodu. Jirgi ne mara nauyi, ba ya shan mai, amma cikinsa duk haƙarƙarin ƙarfe ne, ga santsi, ga zafi in rana ta take. Shi ya sa na ce bari a yi masa daɓen katako a shimfiɗa kafet. Tunda 'yan uwa suna ta tambayata yadda na yi, ga abin da na koya, har da kuskurena.

Kafintan da na fara kira ya ɗora filawud mai kaurin milimita 18 a saman kujerun jirgin. Ya yi kyau a ido, wallahi. Ranar farko da na miƙe a kai zan jefa raga, jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo ciki. Dalili kuwa shi ne, duk yadda nauyi ya yi sama, haka ƙaramin jirgi ke saurin kifewa, musamman mai ƙunci irin nawa. Ga shi falle ɗaya na irin wannan filawud, mai ƙafa 4 da 8, yana kai kusan kilo 30. Wannan nauyin kuwa daga kason kifinka da man injinka za a cire shi. Muka kwance, muka sauke daɓen can ƙasa kan haƙarƙarin jirgin, da mai milimita 12.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa. Kada ka yarda a sa maka katakon da aka jiƙa da maganin gara, irin mai kore-koren nan. Akwai sinadarin jan ƙarfe a cikinsa, in ya haɗu da alminiyam da laima sai ya riƙa cin jikin jirgin a hankali har ya huda shi. Ƙusa ta baƙin ƙarfe ma ba ta da amfani a nan, tsatsa za ta yi. A yi amfani da ribit na alminiyam ko noti na silba mara tsatsa. Ruwan Legas kuma gishirinsa na ƙaruwa da rani, abin da ke ƙara wa wannan ɓarnar sauri ke nan. Kuma kada a huda jikin jirgi a inda ruwa ke taɓawa. A kama daɓen a jikin haƙarƙari ko kujera.

Filawud ɗin a shafe shi da ruwan faiba ciki da baya, a fi ba gefunansa ƙarfi, don ta nan ruwa ke shiga. A bar ƙofa a baya ta kwashe ruwa. Soson da ke cikin kujeru kuma kar a taɓa shi don neman wurin ajiya, shi ke riƙe jirgi a sama in ya cika da ruwa.

Kafet fa? Ni dai na yi da-na-sani. Na ɗaki na sa, ya sha ruwa, ya riƙe ƙarnin kifi, ƙugiya na maƙalewa a ciki. Wata biyu na ɓanɓare shi. Yanzu tabarmar roba ce a jirgin, in na dawo in ɗaga ta in wanke in shanya.