Ba a Yi GTA 6 Don Waya Ba: Hattara da Masu Cin Kasuwar Jita-jita

A shagunan cajin waya da gidajen buga PS, daga Moriki zuwa Ƙaura Namoda da Shinkafi, akwai hirar da ke neman yin kafaɗa da ta ƙwallon Turai a bakin samari, wato maganar GTA 6. Wannan ya ce faɗin garin da ke cikin wasan ya ninka na GTA 5, wancan ya ce kowane gida ana iya buɗe ƙofarsa a shiga, na uku kuma ya rantse da Allah cewa abokinsa a Gusau har ya sauke shi a wayarsa. Maganar biyun farko hasashe ce, ba ta ci wa kowa komai ba sai lokaci. Ta ukun ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ce ke iya kwashe wa mutum kuɗinsa.

Ga iyayen da ba su san abin ba: Grand Theft Auto wasan bidiyo ne na kamfanin Rockstar Games. Abin da ya sa ya shiga ran matasa shi ne ba a ɗora mai wasa kan hanya guda. Sakin sa ake yi cikin babban gari, ya tuƙa mota, ya hau jirgi, ya nufi duk inda ya ga dama. GTA 5 ya fito a Satumbar 2013, an sayar da fiye da kwafi miliyan 200, kuma tun lokacin ake dakon magajinsa.

Abin da kamfanin ya faɗa da bakinsa bai da yawa. Za a yi wasan a wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Leonida, wadda aka kwaikwayo daga Florida ta Amurka, inda birnin Vice City yake. Taurarin biyu ne, Jason da Lucia. Bidiyon talla na farko ya fito a Disambar 2023, aka kalle shi fiye da sau miliyan 90 a YouTube cikin kwana guda. Na biyu ya biyo baya a Mayun 2025, tare da hotuna da sunayen wasu yankuna irin su Port Gellhorn da Grassrivers. Da farko an ce wasan zai fito a 2025, sai aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Na'urorin da aka ambata su ne PlayStation 5 da Xbox Series X da S. Babu wayar hannu a cikin lissafin.

To ina aka samo taswirorin garin wasan da ke yawo? A Satumbar 2022 wani matashi a Ingila ya yi wa kamfanin kutse, ya saki gajerun bidiyo kusan 90 na wasan tun ana tsakar haɗa shi. Daga baya kotu ta ba da umarnin a tsare shi a asibiti ba tare da ranar fita ba. Masu sha'awar wasan suka bi bidiyon nan ɗaya bayan ɗaya, suna haɗa lambobin da suka bayyana a jikin allo da gine-ginen da suka gani a talla, har suka zana taswira tasu. Aiki ne na basira, ban raina shi ba. Amma zanen masoya ne, ba na kamfani ba. Ƙishirwar labari ta kai har wasu suna auna girman watan da ke cikin wani hoto don su ƙirga ranar da sabon talla zai fito.

Ko alkawarin kamfani ma ba a riƙe shi hannu biyu. Wasan No Man's Sky ya fito a 2016 babu abubuwa da dama da aka kwaɗaitar da mutane da su. Cyberpunk 2077 kuwa, da ya fito a Disambar 2020, matsalolinsa sun kai Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Idan haka ta faru da masu abin, ina ga mai tashar YouTube da abincinsa ke kan yawan masu kallo? Shi kowane "sabon sirri" kuɗi ne a aljihunsa. Kai kuwa data ce ta ƙone, ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari.

Asarar data mai sauƙi ce. Babbar ɓarna tana cikin fayil ɗin da ake kira "GTA 6 APK", wanda ake tallatawa a TikTok da WhatsApp da Telegram, wai kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasan da sai PS5 ko Xbox ke iya ɗauka, a ce ya zauna cikin ƙaramar Tecno ko itel, tamkar a ce an loda kayan tirela a bayan babur ne. Mafi sauƙin cuta a cikinsu shi ne tsohon San Andreas na 2004 da aka sauya wa hoto da suna. Wani kuma zai yi ta jan ka daga shafi zuwa shafi, wai a tabbatar kai mutum ne, har ka sa lambarka a saka ka cikin wani tsari mai cin katin waya kullum. Mafi muni shi ne wanda da zarar an girka shi zai nemi izinin karanta saƙonni, da ganin lambobin mutane, da sarrafa allon wayar. Yaro cikin ɗoki sai ya yi ta danna amincewa. Daga nan lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo tana iya isa hannun ɓarawo kafin mai wayar ya ankara.

Wannan ya fi nauyi a wajenmu, a Zamfara, fiye da a Kano ko Abuja. Bankuna sun yi nisa, hanyoyin Zurmi da Shinkafi ba kowace rana ake bin su da kwanciyar hankali ba, don haka kuɗin wake da na taki da na asibiti sun koma cikin OPay da PalmPay da Moniepoint da hannun masu POS. Duk wanda ya ga yadda harkoki suka tsaya cik lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021 ya san matsayin waya a gidajenmu. Kuma sau da yawa wayar da yaro ke wasa da ita ta babansa ce ko ta yayansa. Ga manhajar tura fayil ta Xender: fayil guda ya shiga waya ɗaya, kafin magariba ya zaga majalisa ba tare da an kashe data ko kaɗan ba. Masu sana'ar tura fina-finai da wasanni su ji tsoron Allah, su daina karɓar kuɗin yara kan abin da su kansu ba su gwada ba.

Wanda ya riga ya girka irin wannan fayil, ya kashe data nan take, ya goge shi, ya sauya lambobin sirrinsa ta wata wayar daban, ya kira bankinsa idan ya ga motsin da bai gane ba. In wayar ta ci gaba da abin da ba a sa ta ba, a kwashe hotuna da lambobi a wanke ta gaba ɗaya. Babu wasan da ke buƙatar BVN ko lambar katin ATM, kuma duk wanda ya ce a turo masa kuɗi ta WhatsApp ya kama maka layi, ba wakilin Rockstar ba ne.

Saura magana guda ga iyaye da masu gidajen PS. GTA 5 a Turai an keɓe shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama, saboda harbi da fashi da ƙwaya da batsa da ke ciki, kuma tallan na shida ya nuna hanya ɗaya suka bi. A yankin da yara ke jin ƙarar bindiga ta gaske, ban ga hikimar a zaunar da ɗan shekara goma gaban allo yana fashi da makami don nishaɗi ba. Mai gidan wasa ya kunna wa ƙanana ƙwallo ko tseren mota, kuɗin zama dai ɗaya ne.