Me Ya Sa Magen Sito Ke Fitsari A Kan Buhun Abinci?

Da yawanmu mun ajiye mage a sito saboda ɓeraye, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai wata rana ka shiga ɗibar abincin kaji, zarni ya tare ka tun daga bakin ƙofa, ka tarar ta jiƙa buhun da ka saya da tsada, ga bahon yashinta can a gefe ko kallonsa ba ta yi ba. Abincin da fitsari ya jiƙa sai zubarwa, domin danshi na jawo funfuna.

Kafin ka ɗauki sanda, tsaya ka lura da yadda take yin fitsarin.

Idan tana yawan tsugunawa, tana nishi ko kuka, fitsarin yana fita ɗis-ɗis ko da jini, to ciwon mafitsara ne. Ta ji zafi a cikin bahon, shi ya sa take gudunsa. Abin ya fi haɗari ga muzuru, saboda hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya. Muzurun da ke yunƙuri ba abin da ke fita, a ranar za a kai shi wurin likitan dabbobi. Kwana biyu zuwa uku sun isa ya mutu. Don Allah kada a ba mage Paracetamol, guba ce a gare ta. Tsohuwar mage mai yawan shan ruwa da yawan fitsari kuma, a duba mata ƙoda da ciwon suga.

In kuwa a tsaye yake yi, ya ɗaga wutsiya tana rawa, ya fesa kaɗan a jikin bango ko buhu, wannan shaida yake sawa cewa wurin nasa ne. Galibi wani muzurun ne ke leƙowa daga maƙwabta. Dandaƙa tana rage wannan sosai, amma likita ne zai yi.

Wani lokacin laifin namu ne. Mage akwai ƙyanƙyami, ba ta shiga bahon da ya kwana uku ba a kwashe ba. A riƙa kwashewa kullum, a sauya yashin duk mako, zurfinsa ya kai kamar santimita 5. A ajiye shi nesa da kwanon abincinta, nesa da ƙarar janareta. Mage biyu baho uku suke so, ba su cika son haɗa makewayi ba. Mai juna biyu ta bar wa wani aikin kwashewar, kashin mage na iya ɗauke da cutar da ke illa ga ɗan tayi.

Inda ta ɓata, a wanke da sabulu da ruwan khal har warin ya gushe, in ba haka ba nan za ta koma. Duka kuwa tsoro kawai yake ƙara mata, ta nemi wani lungun. Buhunan a ɗora su kan katako a rufe da leda mai kauri, a kuma ajiye mata ruwan sha mai tsabta kullum.