Metanol: gubar da hanci ba ya ganewa, amma haske na tona mata asiri

Kun dai tuna lokacin korona, sa'ad da aka aje kwalbar ruwan goge hannu a ƙofar kowane ofis da farmasi. Abin da ya kamata a samu a ciki shi ne alkol mai suna etanol. To, akwai ɗan'uwansa metanol, wanda ya fi shi arha. Kalarsu ɗaya, warinsu ma kusan ɗaya, amma metanol guba ce. A shekarar 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu ruwan goge hannu da aka yo a Mekziko, don an tarar da metanol a ciki. A Iran kuwa, a wannan shekarar, ɗaruruwan mutane sun rasu bayan sun sha shi bisa jita-jitar wai alkol na maganin korona.

In ido da hanci sun kasa, yaya masana ke rarrabe su? Da haske.

Akwai wani haske da ido ba ya gani, yana can bayan launin ja na bakan gizo. William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya ga ma'aunin zafi na hawa a wurin da ba a ganin komai. Shi ne ma telekomand ke aika wa talabijin.

Ƙwayar metanol kuma ƴan zarra shida ne a haɗe: kabon ɗaya, oksijin ɗaya, haidurojin huɗu. Ba sa zama shiru. Suna miƙewa, suna lanƙwashewa, har salo 12, kamar tsirkiyar gurmi da kowace ke da sautinta. In aka ratsa su da wancan haske, kowane salon motsi sai ya shanye irin hasken da ya yi daidai da shi, na'ura ta rubuta wurin da aka samu giɓi. Haɗin kabon da oksijin na metanol yana shanye haske wajen lamba 1033 a ma'aunin masana. Etanol mai zarra tara salonsa 21 ne, don haka zanensa daban yake fitowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne, wani gefe na ƙwayar yana murɗawa kamar murfin tulu da ke cijewa a wuri uku. In na'urar mai kaifi ce sosai, wannan murɗawa na tsaga giɓi guda ya zama dubban layuka ƙanana. Masana a Kanada sun shafe shekaru suna ƙidayar su. Da irin wannan sani ne na'urar hangen sama ta James Webb ta shaida ƙanƙarar metanol a wani gajimare na tsakanin taurari a 2023.

Mu dai a karkara ba mu da wannan na'ura, sai lura. Hanta na mai da metanol wani tsami mai cin jijiyar ido, kuma cokali ɗaya na iya makantar da mutum. Alamun sukan jinkirta awa 12 zuwa 24: ciwon kai, amai, gani dishi-dishi. Yaro ko babba da ya haɗiyi ruwan goge hannu ko alkol ɗin ƙona wuta, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar, ko da ya ce lafiyarsa lau.