Takarda a Hannu, Jama'a a Gaba: Matsalar Karanta Jawabi da Hausa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba wani ɓangare na fasahar jawabi wanda ba a cika kula da shi ba, wato abin da ke faruwa in mai magana ya miƙe gaban jama'a da rubutacciyar Hausa a hannunsa. Batun ya ƙara nauyi tun 2025, shekarar da hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki.

Mun sha lura cewa mutumin da ke da baki in yana magana da ka, da zarar an ba shi takarda sai ya shiga in'ina. Akan ce tsoro ne. A ganinmu, babban dalili yana cikin rubutun kansa. Bokon da muke amfani da shi ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma bambanta dogon wasali da gajere. Kalmar "gari" na iya zama wurin zama ko abin tuwo, tsawon wasalin farko ne kawai ya raba su. "Fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Waɗannan da sauƙi, domin sauran jimla na warware su.

Inda abin ya fi tsanani shi ne lamirin suna mai ɗauke da lokaci. A ɗauki jimlar "ka biya haraji". In an ja "ka" da kari sama, shaida ce cewa mutum ya riga ya biya. In an gajarta shi da kari ƙasa, umurni ne. Haka "ya zo" da "ta tafi". Mai karatu ba ya sanin wadda ake nufi sai idonsa ya kai ƙarshen jimla, alhali bakinsa ya riga ya furta farkonta. Daga nan sai komawa baya da gyara, mai sauraro kuwa ya ji yabo ya rikiɗe ya zama gargaɗi.

Ga kuma jawaban da aka fara rubutawa da Faransanci kafin a fassara su, masu doguwar jimla wadda numfashi ɗaya ba ya ɗauka. A nan sai mu tuna da sanƙira. Wanda ya san za a maimaita maganarsa ga taro, dole ya yanka ta gunduwa-gunduwa, daidai abin da wani zai riƙe ya isar. Wannan ma'auni ne mai kyau ko da lasifika ta maye gurbin sanƙiran.

Abin da muke ba ɗalibanmu shawara, musamman masu shirin kare kundinsu, shi ne su raba takardar bugawa da takardar karantawa. A ta biyun, su ninka wasali duk inda ake iya ruɗewa (kaa biya), su ja layi a wurin numfasawa. Wannan ba karya ƙa'idar rubutu ba ne, tun da ba wanda zai ga takardar sai mai ita. Sa'an nan su karanta ta da ƙarfi ga wanda bai taɓa ganinta ba, su sa alama duk inda ya ce "me ka ce?", su sake gina jimlar wurin.